Sana'ar hannu a lokacin jinya: abin da aka tattara

An tattauna ne kan abin da mai jinyar karaya ko rauni zai riƙa yi kafin ya warke. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa zaman jinya ya fi shi kansa ciwon gundura, don haka a samo abin yi da hannu. Wanda ya karye a ƙafa, saƙa da zane da ɗinkin hula sun dace da shi, tunda a zaune ake yinsu. Mai rauni a hannu kuwa, an fi ba shi shawarar tsara waƙa ko labari, yana faɗa waya tana ɗauka.

Shawarar da ta fi kama hankalina ita ce a fara da kaɗan, ko minti 15, a ajiye da zarar wurin ya fara zafi ko kumburi. Ƙashi kan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, gaggawa ba ta da amfani. A kuma tambayi likita tukuna.