Waɗanda suka baro manhajar kamfani suka koma AI, me kuka tarar?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara tara ina rubuta manhaja da Java da Spring a wani banki, ni da rumbun bayanai na Oracle kamar Hassan da Hussaini. Watanni huɗu ke nan da aka mai da ni sashen ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Abin da ya ɗaure min kai shi ne gwaji. A da in na rubuta shi, ko dai ya wuce ko ya faɗi, shi ke nan. Yanzu tambaya ɗaya sai model, wato injin AI da ya koyi aiki daga bayanai, ya ba ni amsa iri uku. Ku da kuka riga mu ƙetarawa, ta yaya kuke sa hannu ku ce abu ya isa a sake shi ga jama'a? Abin da kuka gani da idonku nake so.

Baban Khalifa, Kaduna: Wa alaikumus salam Injiniya. Ni tawa ta same ni ne a Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Muna da model mai gano 'yan damfara, wanda ya koyi halin mutane daga cinikin shekarun baya. Kwatsam mai shayi da mai kayan miya da mai adaidaita sahu duk suka koma karɓar taransifa, naira ɗari biyu, ɗari biyar, sau arba'in ko hamsin a yini, daga mutanen da ba su taɓa turo musu ba. A wurin model wannan shi ne kamannin ɓarawo, sai ya shiga tsare asusun bayin Allah. Abin da ya fi tayar min da hankali, babu kuskure ko ɗaya a log, inda manhaja ke rubuta abin da ya faru, sabobi kuma, kwamfutocin da take gudana a kansu, lafiya lau. Daga teburin ƙorafi muka ji labari, wata mai sayar da ƙosai ta zo tana kuka an riƙe mata jarinta kwana biyu. Har yau ban manta da ita ba.

Abin da ya cece mu tsohon hali ne na zamanin gina shafuka: ban taɓa yarda a saki abu ba tare da hanyar komawa baya ba. A daren muka kashe model, muka koma tsofaffin ƙa'idojin da aka rubuta da hannu. Tun daga nan, bayanan da ke shigowa nake sa wa ido kafin lafiyar saba.

Maman Ilham, Damagaram: Yaya Ɗan Gwale, tambayarka tana da amsa, sai dai aikin hannu ne. Mun gina mai amsa tambayoyin manoma daga takardun da aka rubuta da Hausa. Ranar nuni ya burge kowa. Da ya shiga hannun mutane sai ya fara dawowa hannu rabbana. Mako biyu muna zargin model, ashe haruffa ne. Takardun sun rubuta ƙasa, manomi a wayarsa kasa yake bugawa. Haka ɓera da bera, ɗanye da danye. Ga kuma mu a Nijar muna rubuta ƴ, ku a Najeriya 'y, ita ma waƙafin saman kowace waya da irin nata. Da muka daidaita rubutun kafin bincike, yawancin matsalar ta kau, ba mu taɓa model ɗin ba.

Sai muka zauna da malaman gona biyu, muka tara tambayoyi 300 na gaske, kowacce da amsar da suka yarda da ita. Duk canjin da za a yi, ko kalma ɗaya ce a umarnin da muke ba model, sai ya bi ta kansu. In maki ya sauka, ba a saki.

Mai Laravel, Zoo Road: Ku ƙara da kuɗi. A da hayar saba wata-wata nake biya, na san abin da zai fita. Yanzu kowace tambaya da farashinta, kuma da dala, ga naira da aka bar wa kasuwa ta yanke mata farashi a Yunin 2023. Hausa ma ta fi Turanci cin tokin, gutsattsarin kalma da ake lissafin kuɗin da su, jimla ɗaya sai a daddatsa ta gunduwa-gunduwa. Ajiye amsoshin tambayoyin da ake yawan maimaitawa, da tura masu sauƙi ga ƙaramin model, su suka hana mu rufe aikin.

Malam na Samaru: Na yarda da ku, amma kada a sa wa Injiniya rai cewa tsohon ilimi kaɗai zai fisshe shi. Na je taron masana AI na Deep Learning Indaba a Accra a 2023 ina ganin na iya, na dawo na buɗe littafin ƙididdiga daga babin farko. Baban Khalifa, da model ɗinku zai ce kowa mai gaskiya ne, da ya ci maki kusan ɗari bisa ɗari, tunda ɓarayi 'yan kaɗan ne, alhali bai kama kowa ba. Wanda bai gane wannan ba, lamba mai kyau za ta yaudare shi.

Baban Khalifa, Kaduna: Haka yake Malam, ban musa ba.

Hajiya 'Yar Jos: Tunda banki kake, ɗan'uwa, riƙe biyu. Kada BVN ko lambar asusu su fita zuwa sabar waje cikin umarni, dokar kare bayanai ta 2023 tana kanka. Sannan duk abin da manhajarka ta faɗa wa mutum, kai ka faɗa. A Fabrairun 2024 aka sa kamfanin jirgin sama na Air Canada biyan wani fasinja diyya saboda manhajar hirarsu ta yi masa bayanin rangwame ba daidai ba.

Ɗan Gwale: Allah ya saka da alheri. Maman Ilham, tambayoyin nan 300, ku kuka ƙirƙira ko daga bakin manoma kuka kwaso?

Maman Ilham, Damagaram: Daga saƙonninsu na WhatsApp, Yaya, bayan mun nemi izini mun goge sunaye da lambobi. Yadda suka rubuta muka bar su, ba mu gyara ko harafi ɗaya ba. Kai ma gobe ka leƙa teburin ƙorafinku, naka suna can.