'Yata ta samu gayyatar shiga National Honor Society, wai yana taimakawa wajen samun manyan jami'o'i?

Maman 'yan biyu, Maryland:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda yaransu suka wuce wannan matakin ku ba ni haske. 'Yata tana aji 11, makaranta sun ba ta fom na National Honor Society (NHS), ƙungiyar ɗaliban sakandare masu ƙwazo a Amurka, sai ta kawo lissafin awannin aikin sa kai da sa hannun malamai har da ɗan rubutu a kan kanta, ita kuma darussan AP (darussa masu matakin jami'a da ake yi tun a sakandare) uku take ɗauka ga Islamiyya Asabar da Lahadi, wlh wani lokacin sai ƙarfe ɗaya na dare nake ganin fitilar ɗakinta a kunne. Burinta jami'ar Johns Hopkins. Abin ya kai a sha wahalarsa ko suna ne kawai?

Baban yara, Bronx:
Wa alaikumus salam Hajiya. Babban ɗana ya shiga, mun je bikin rantsarwa an kunna kyandir an yi hotuna, ni har babbar riga na sa dan na ɗauka wani gagarumin abu ne. Da aka fara kiran sunaye sai na ga layi ya ƙi ƙarewa. Ashe mafi ƙarancin makin da uwar ƙungiyar ta sa 3.0 ne cikin 4.0, sai dai makaranta ta ga dama ta ɗaga nata. To yaron da ke neman jami'ar Columbia ai ya wuce nan tun tuni, shi da duk abokan takararsa. Columbia ba su ɗauke shi ba, Stony Brook suka ɗauka, kuma Alhamdulillah yana lafiya lau a can.

'Yar Zango:
Anti ni bara na gama cike-ciken nan. A Common App, wato fom ɗin intanet na neman jami'o'i da yawa a lokaci ɗaya, gurbi 10 ne na ayyuka, kowanne harafi 150 kacal za ki yi bayani, sai gurbi 5 na lambobin yabo. Da na zo kan NHS na zauna ina kallon kwamfuta na rasa me zan rubuta, taro sau ɗaya a wata da tattara abincin gwangwani kafin hutun Nuwamba, shikenan fa. Sai na jefa shi cikin lambobin yabo, layi ɗaya. Abin da ya cika min gurbi shi ne wanda ban ma ɗauke shi komai ba, shekara uku ina koya wa yaran da suka zo daga Akara da Yamai Turanci a ƙasan masallacinmu bayan la'asar, kuma ina raka iyayensu mata asibiti ina yi musu tafinta. Malamar da ke ba mu shawara ce ta ce ke wannan kike ɓoyewa? A hirar da na yi da tsohuwar ɗalibar jami'ar da ta ɗauke ni, kusan rabin lokacin a kan tafintan muka ƙare, NHS ko sau ɗaya bai fito ba.

Kawu, Houston:
Ni dai kar a rushe shi gaba ɗaya. Ƙungiya ce tun 1921, ƙungiyar shugabannin sakandare ta Amurka ce ta kafa ta, kuma suna da tallafin karatu da sai memba ɗan ajin ƙarshe ke iya nema. 'Yata ta zama shugabar reshensu, ita ta tsara yadda manya za su riƙa koya wa 'yan aji 9 lissafi, malamin da ke kula da reshen shi ya rubuta mata wasiƙar shaida mai kyau. Inda zama kawai ta yi a baya tana danna waya da ba ta samu wannan ba.

Maman Abba:
Ku dai kula, akwai masu suna kusan iri ɗaya da ke turo wasiƙa gida, ambulan mai kauri da tambari ruwan gwal, wai an zaɓi ɗanki sai ki biya kuɗi. Na biya, satifiket da sitika aka aiko, har yau mijina yana min tsiya. Ta gaskiyar ta hannun makaranta take zuwa, kwamitin malamai ne ke zaɓa.

Ɗan Kaduna:
Mu da muka nema daga gida ba mu ma san da ita ba. Sakamakon WAEC na tura da muƙamin da na riƙe a MSSN, na je ofishin EducationUSA, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, a Abuja suka duba min takardu, ba jami'ar da ta tambaye ni.

Maman 'yan biyu, Maryland:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta mata duka, ta ce za ta cika fom ɗin tunda awannin tana da su, amma ba za ta ajiye AP ko ɗaya ba. 'Yar Zango, ita ma fa tana koyar da ƙananan aji a Islamiyya, waye ya sa miki hannu a kan awannin, liman ko shugaban kwamitin masallaci?