Me za mu kira fistular masu wankin ƙoda?

Tafinta, Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman sunan Hausa na aikin da likitocin tiyatar jijiyoyin jini ke yi wa mai ciwon ƙoda a hannu kafin ya fara zuwa wanki. Da baki daktoci fistula suke cewa, a takarda kuma su rubuta nasur ko wasla da Larabci. Bahaushe ya riga ya san fistula, a kunnensa yoyon fitsari ne, ciwon matan da naƙuda ta yi wa tsawo. Nasur kuwa mutanenmu na nan sun ɗauke shi ƙanin basir. Kwanan nan aka kawo wata dattijuwa 'yar unguwar Karantina da sukari ya kashe wa ƙoda, daktur ya ce za a yi mata fistula. Kafin in buɗe baki 'yarta ta dafe ƙirji ta ce, "Yaya, fistula kuma? Inna da ta bar haihuwa tun kafin a aurar da ni?" Ita kuwa Innar ta ja mayafi ta rufe hannunta, ta ce a mai da ita gida. Sai da na yi musu zane a bayan takardar magani suka yarda aka sa rana. Kalmar da za ta hutar da ni wannan zanen nake so.

Likitan tiyata, Makka

Wa alaikumus salam Malam. Kafin a raɗa suna bari a ga jaririn. Injin wanki yana jan jini mililita 300 zuwa 400 a minti ɗaya, awa huɗu, sau uku a mako. Jijiyar da ake ɗibar jini a cikinta, mai mayar da jini zuciya, wadda Larabawa ke kira warid, ba ta iya wannan aikin. Bangonta siriri ne, da inji ya ja sai ta lotse. Mai ƙarfin ita ce wadda ake jin bugunta a wuyan hannu, shiryan ke nan, amma tana can ciki, kuma ba a son yawan huda ta. To sai mu tsaga fata, mu yanke warid ɗin, mu ɗinke bakinta a gefen mai bugawar da zaren da sai da tabarau mai ƙara girma ake ɗinki da shi. Jini mai ƙarfi ya riƙa kwarara cikinta, bayan mako shida zuwa 'yan watanni ta buɗe, bangonta ya yi kauri. Mukan ce ta nuna idan faɗinta ya kai milimita 6, tana ɗaukar mililita 600 a minti, kuma nisanta da fata bai wuce milimita 6 ba. A hannun da mutum ba ya aiki da shi muke farawa, daga wuyan hannu, don in ta lalace a samu wurin hawa gwiwar hannu.

A 1966 likitoci Brescia da Cimino da likitan tiyata Appel suka bayyana wannan dabara daga asibitin tsoffin sojoji na Bronx a Amurka. Kafin nan, tun 1960, bututun da likita Scribner ya ƙirƙiro ake sa wa mutane, wanda ke zaune a waje bisa fata, yana yawan toshewa da ɗaukar ƙwayar cuta. Mu a likitance duk wata kafa tsakanin abu biyu da bai kamata su haɗu ba fistula ce, shi ya sa suna ya zo ɗaya. Waccan ta yoyon fitsari ciwo ce, wannan kuwa da gangan muke yin ta. Sunan da za a zaɓa ya nuna haka.

Malamar jinya, Makka

Mu a ɗakin wanki "hannun gasil" muke cewa, gasil shi ne wanki da Larabci, tsofaffin unguwar Shara Mansur duk sun gane. Kuma yana da amfani, don hannun ake so su kiyaye: kar a auna hawan jini a nan, kar a ɗebi jini, kar a ɗaura agogo ko awarwaro mai matsewa, kar a yi matashi da shi, kar a ɗauki jarkar zamzam da shi.

Tafinta, Jidda

Anti, na gode, amma wannan sunan hannu ne. In likita ya ce ta wuyan hannu ta mutu za a yi sabuwa a sama, hannun dai shi ne. Kuma gasil iyakarsa nan, wanda ya koma Kano ko Damagaram "wankin ƙoda" zai tarar.

Malamin Larabci, Madina

Ɗana, ina ruwanku da wahala? Wasla kalma ce mai tsabta, ma'anarta abin da ya sadar. Hausa ta ari dubunta daga Larabci ba ta yi ciwon ciki ba. A ce wasala a wuce wurin.

Tafinta, Jidda

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni ma na so ta, sai dai duk wanda ya yi karatun allo in ya ji wasala, wasali zai tuna, fataha da kisira. Ga shi kuma ba ta gaya wa Inna komai, sai an sake fassara ta.

Ɗalibin likitanci, Jidda

Gada fa? Ko mahaɗa?

Likitan tiyata, Makka

Ƙanena, ajiye gada, tana da nata gurbin. Idan jijiyoyin mutum sun yi ƙanana ko allurai sun cinye su, mukan binne bututun roba na musamman a ƙarƙashin fata, baki ɗaya a shiryan, ɗaya a warid. Wannan ita ce gada, don wani abu ne daban aka shimfiɗa tsakanin biyu. Ta fi saurin shiga aiki, amma ta fi saurin toshewa da ruɓa. Mahaɗa kuwa na taɓa gwada ta, wani dattijo ya kama gwiwar hannunsa yana lanƙwasawa, ya ɗauka mahaɗar ƙashi nake nufi.

Ɗan Maiurno ta Sudan, mazaunin Jidda

Ni ba likita ba ne, mahaifina ne ke wanki, ni ke kai shi. Amma da na karanta bayanin Daktur, Mugran na tuna a Khartum, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu ke gamuwa su zama kogi ɗaya. Kakanninmu magama suke ce wa irin wurin. Ai abin da aka yi a hannun Baba ke nan, hanya biyu ta jini aka gama. Me zai hana a ce magamar jini?

Malamar jinya, Makka

Yaya, ka kawo ta. Bari in gwada ta a bakin aiki, don kalma in ba ta shiga jimla ba ado ce. Magama ta nuna. Magama ba ta nuna ba. Magama ta tsuke. Magama ta toshe. Magama ta kumbura. Duk sun zauna daram.

Kuma waɗannan su ne matsalolin da muke gani kullum. Tsukewa ce kan gaba, galibi kusa da ɗinkin, inda bangon jijiya ke ƙara tsoka ta ciki har hanya ta ƙuntata. Alamarta inji ya yi ta kuka, ko jini ya daɗe bai tsaya ba bayan an cire allura. In an kama da wuri, balan-balan ake zurawa a hura a buɗe wurin. In an bari, jini ya daskare a ciki, sai an ciro gudan ko a haƙura da ita, mutum ya koma wanki ta bututun wuya da ba mai so. Kumburi kuma yawanci daga soka allura wuri ɗaya ne. Marasa lafiya su ke roƙon haka, don wurin ya mutu ba ya zafi, mu kuma dole mu riƙa hawa da sauka da allurar a tsawon jijiyar. Ranar da fatar kan kumburin ta yi sheƙi ko ta yi ɓawo baƙi, asibiti ne a ranar. In ta fashe a gida, a danne wurin da yatsa da ƙarfi, a ɗaga hannun, wani ya kira motar asibiti a 997. Kar a tsaya naɗa tawul, tawul shan jinin yake yi yana ɓoye shi.

Abin da nake koya wa kowa shi ne ya ɗora yatsu uku a kanta bayan sallar asuba. Lafiyayya tana zuuu a ƙarƙashin yatsa ba yankewa. Ni gurnani nake ce masa. In gurnanin ya ɗauke, ko ya koma bugu zalla, a taho.

Malamin Larabci, Madina

To na sallama, 'yata. Sai dai a ce magamar wanki in ana son bambancewa, don jini ko'ina gamuwa yake a jiki.

Tafinta, Jidda

Mun karɓa, Baba. Magamar jini a bayanin farko, magama kawai bayan nan, bututun roba kuma gada. Saura ɗaya, Daktur. Akwai matsalar da Turawa da Larabawa duk sata suke ce mata. Ni ba zan iya tsayawa gaban iyalin mara lafiya a cikin asibiti in ce "satar jini" ba. Kun san inda hankalin mutanenmu zai tafi, gobe labari ya cika unguwa cewa ana kwashe jinin baƙi.

Likitan tiyata, Makka

Kar ka kuskura, Malam. Abin da ke faruwa shi ne magama ta fi yatsu sauƙin bi, sai jinin ya karkata can, tafin hannu ya rasa rabonsa. An fi ganinta ga tsofaffi da masu sukari, musamman in magamar a gwiwar hannu take. Yatsu su yi sanyi, su yi fari ko shuɗi, su riƙa zugi lokacin wanki, in ta yi tsanani gyambo ya fito a kan yatsa. Mukan rage bakin magamar, ko mu kai wa hannun jini ta wata gadar, wani lokaci dole mu ɗaure ta gaba ɗaya don a tsira da yatsu. Ni "magama ta rinjayi hannu" nake ganin ya fi, in wani yana da wadda ta fi ta gajarta ya kawo. Kafin nan ka gaya musu da kowace kalma ka samu: wanda aka yi wa magama ya ji yatsunsa sun mutu ko sun kasa motsi, ya dawo a daren, kar ya jira ranar wanki.