A ɗaure mai gidan da ya hana haya saboda ƙabila ko addini?

Yusuf: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na raka abokina, malamin makaranta ɗan Zonkwa, neman ciki da falo a wata unguwa nan arewacin garin Kaduna. An daidaita kuɗi, ejan har ya buɗe littafin rasit. Yana jin sunan sai ya rufe biro, wai mai gida ya ce ban da "irinsu". Abokina ya mai da kuɗinsa aljihu, bai ce uffan ba har muka sauka daga Keke. Ni dai a ganina a yi doka, duk mai gidan da ya yi haka a ɗaure shi.

Hajiya Rabi: Yusuf ɗana, wallahi abin ya sosa mini rai. Ƙanina ma an hana shi shago a Sabon Tasha saboda sunansa. Amma ɗauri? Wanda ya ga rikicin 2000 da na 2002 da idonsa, ya kwashi 'ya'yansa ya tsallake gada da tabarma a ka, tsoro ne ke cinsa. Gidan yari ba ya fitar da tsoro.

Yusuf: Hajiya, abokin nan nawa yana goye a baya aka yi na 2000. Laifin wa yake biya?

Barista Rifkatu: Bari in faɗi inda doka ta tsaya. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, addini ko asali, amma ya fi fuskantar dokoki da ayyukan hukuma, kuma babu ɗauri a cikinsa. Sashe na 26 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 kuwa ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5, ko tarar da ta kai naira miliyan 10, ga mai yaɗa ƙiyayyar launin fata ko ƙabila ta kwamfuta. Ka zagi mutum a Facebook akwai hukunci, ka hana shi wurin kwana babu. Ga kuma dokar masu buƙata ta musamman ta 2018: tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya nuna musu bambanci. Ashe abin da Yusuf ke nema ba baƙo ba ne.

Malam Idris: Barista, da girmamawa, wa zai tsaya shaida? Gobe ejan ba zai ce "irinsu" ba, cewa zai yi an riga an kama ɗakin. Sannan ku tuna ƙudurin Sanata Sabi Abdullahi na 2019 kan kalaman ƙiyayya, mai hukuncin rataya. Mutane sun ƙi shi ne don sun san wanda irin dokar nan ke fara kamawa: talaka da mai sukar gwamnati. Tsohuwa mai ɗaki biyu za a ja ofishin 'yan sanda, mai jerin gidaje ya sha.

Yusuf: Malam, a Sifaniya an yanke wa magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ta Valencia uku ɗaurin wata 8 a 2024 saboda zagin wariyar launin fata da suka yi wa ɗan wasa Vinicius. A Afirka ta Kudu an ɗaure Vicki Momberg a 2018 don ta zagi 'yan sanda baƙar fata. Ko zuciya ba ta sauya ba, abin ya sami suna a kotu: laifi.

Malam Idris: Waɗannan duk an ɗauke su a bidiyo, ƙanina. Kai me kake da shi?

Yusuf: Kunnena, kuma zan rantse a gaban alƙali. Anti Rifkatu, ki taimaka mu rubuta koke zuwa majalisar jiha a Lugard Hall.

Hajiya Rabi: Ku sa tara mai zafi, ku cire ɗauri, in sa hannu har in kawo matan unguwarmu.

Barista Rifkatu: Tara a karon farko, ɗauri ga wanda ya maimaita. Zan rubuta a haka in turo ranar Asabar. Yusuf, ka tambayi abokinka ko ya yarda a sa labarinsa a ciki.