Dabo a matsayin gashin hannu: abin da aka tattauna

To jama'a, ga abin da na tsinta daga tattaunawar da aka yi kan ko koyon dabo zai iya zama gashin hannu, wato atisayen dawo da motsin hannu ga marasa lafiya:

1. Kusan kowa ya yarda dabarun igiya, kwabo da robar ɗaure kuɗi suna motsa yatsu, musamman ga mai shanyewar ɓarin jiki, don sai ya maimaita sau ba adadi kuma ba ya gundura kamar atisayen asibiti.
2. Ba sabon abu ba ne, shahararren ɗan dabo David Copperfield ya fara Project Magic, shirin koya wa masu naƙasa dabo, a Amurka tun farkon shekarun 1980.
3. Yaro mara lafiya ya iya abin da masu lafiya ba su iya ba, wannan kam yana ɗaga masa kai.

Inda aka rabu: wasu sun ce ai siddabaru ne, wasu suka ce saurin hannu ne kawai. Sannan wa zai koyar, ɗan dabo ko likitan gashi? Mafi yawa sun ce likita ya zaɓi dabarar.