Carar mazan salwa ta hana maƙwabcina barci

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwon salwa. Ina da salwa irin ta Japan a bayan gida, mata 15 da maza 3 a keji ɗaya. Suna kai mako shida mazan suka fara cara, tun kafin asuba har gari ya waye. Da ɗaya ya miƙe wuya ya ɗaga murya, sai sauran su amsa, ba ƙaƙƙautawa. Maƙwabcina ya yi mini magana cikin mutunci, kuma yana da gaskiya, katanga ce kawai tsakanin kejin da ɗakin kwanansa.

Na ware mazan, abin ya ƙara muni, yini suke suna kiran matan. Na riƙa lulluɓe kejin da bargo tun yamma, carar ta ragu sosai, amma ƙwai ya ja baya don hasken ba ya kai awa 14 da matan ke buƙata a rana. Ga zafi, har na tarar da su baki buɗe suna haki. Yanka mazan duka ba zai yiwu ba, ina buƙatar ƙwan ƙyanƙyasa.

Don Allah, in na bar namiji ɗaya tak da mata biyar, ba ya jin muryar wani namiji, carar asubar za ta ragu?