Me za mu kira kiɗan da ya haɗa rok da jaz?

Jama'a ku taya ni da kalma. Ina rubutu ne a kan Court and Spark, albam ɗin da Joni Mitchell 'yar Kanada ta fitar a 1974, ita ta rubuta waƙoƙin kusan duka ita ta rera, amma kiɗan rabi rok rabi jaz, don mutanen Tom Scott mai busa saksofon, wato ƙungiyar L.A. Express, su ta ɗauko suka kaɗa mata kuma asalinsu 'yan jaz ne. Turawa fusion suke ce wa irin wannan kiɗa. To mu fa?

Albam dai ba matsala, ko albam ko kundin waƙoƙi duk ana ganewa, wanda aka naɗa a situdiyo mu ce kundin situdiyo, wanda aka ɗauka a gaban 'yan kallo kundin dandali. Shi ke nan.

Fusion ɗin ne aiki. Wani ya ce min haɗin gambiza, gaskiya ban yarda ba ko kaɗan, haɗin gambiza ai kushe ne, abin da bai dace da juna ba aka tilasta masa zama tare. Duk wanda ya saurari albam ɗin nan da kunnen basira ya san ba haka ba ne. Wata 'yar uwa ta kawo cakuɗa da gauraye, sun fi, amma ai ko tsakuwa da shinkafa ana cakuɗawa kuma kowa yana nan a yadda yake, ana iya tsincewa. Nan kuwa ba ka isa ka tsince ba. Rok ya kawo jita mai lantarki da bugun ganga mai nauyi wanda ba ya kaucewa, jaz ya kawo saksofon da karin sauti masu lanƙwasa da kuma 'yancin nan na makaɗi ya ƙirƙiro abu nan take yana cikin kaɗawa, to da suka haɗu sai wani abu na uku ya fito wanda ba za ka ce na wannan ne ko na wancan ba. Ku saurari Hejira, albam ɗin Joni na 1976, inda Jaco Pastorius ya kaɗa bes, wato jita mai kaurin sauti, wallahi kamar jitar tana amsa mata magana ne.

Barbarar yanyawa ma an kawo, ma'anar ta kusa amma akwai raini a ciki, ba zan sa wa aikin da nake ƙauna wannan suna ba.

Ni abin da ya kwanta min shi ne kiɗan ruwa biyu. Da ma muna cewa wane ruwa biyu ne idan uwa da uba ba ƙabila ɗaya ba, kuma yaron mutum ne guda cikakke mai kamannin kowane ɓangare. Dubi yadda yake zama a baki: Miles Davis ya shiga kiɗan ruwa biyu ta ƙofar jaz wajen 1970, ita kuma Joni ta shigo ta ƙofar rok, har ta kai ga aiki da gwanin jaz Charles Mingus kafin rasuwarsa a 1979. Babu inda harshe ya harɗe.

Malam da ya ce kalmar ba ta nuna rok da jaz ba ne kawai, gaskiyarka, amma ta Turancin ma haka take, sai a ce ruwa biyun rok da jaz idan ana son fayyacewa. Da ita zan yi rubutun, sai in wani na da wadda ta fi ta ya ajiye mana a ƙasa.